Kafin ka ɗauki allura a garin mutane

Ɗaliban likitanci da na jinya da na ungozoma sun fara leƙa waje tun kafin su kammala karatu. Da hutu ya matso sai ka ji ana neman inda za a je a yi wata ɗaya ko biyu ana koyon aiki a asibitin wata ƙasa, kuma yawancin idanu Masar suke kallo, ko Indiya, ko Turkiyya, mai hali kuma ya hangi Ingila. Ni maƙwabta nake so in nuna muku, ƙannena: arewacin Jamhuriyar Benin, tsakanin Paraku da Jugu. A can, ƙaramin asibitin gari irin Seru zai bar ɗalibi ya matsa kusa da mara lafiya fiye da yadda babban asibitin Alƙahira zai taɓa barinsa. Wannan kusancin shi ne ribar tafiyar, shi ne kuma haɗarinta.

Hanyar dai ba sabuwa ba ce a wurinmu. Jugu, wanda za ku gani a taswira an rubuta Djougou, shi ne Zugun fataken goro. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato zai haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, ya sauka a Jugu, sannan ya miƙa Salaga a ƙasar Gwanja. Shi ya sa har yau akwai Zongo a Paraku, kuma da wuya ka zaga kasuwar Jugu ba ka ji Hausa ba. Yau tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 135 ne na kwalta. Seru kuwa ɗaya ce daga gundumomi 12 na ƙaramar hukumar Jugu, wadda ƙidayar 2013 ta ba ta mutum sama da 260,000. Ƙasar noma ce, ta doya da masara da kashu da kaɗanya, ba nisa da birnin Jugu, ga kuma kurmin da gwamnati ta keɓe mai sunan Seru.

Fataken nan suna da ƙa'idar da nake so ku ara. Madugu komai yawan jakunansa ba ya shiga gari ya buɗe kaya ya hau ciniki. Sai ya nemi mai masauki, mai masauki ya kai shi gaban sarki, ya zame masa baki da kunne a kasuwa, kuma in rigima ta tashi bayan ayari ya wuce, shi mai masaukin ne za a riƙe. Haka ɗalibi yake a asibitin wata ƙasa. Mai masaukinsa shi ne babban nas ɗin wurin, wanda a ƙasashen renon Faransa ake ce wa majo, da ungozomar da ke riƙe da ɗakin haihuwa. Kai za ka tafi, su za a riƙe.

Ku fahimci tsarin wurin tun kafin ku sauka. An raba Benin shiyyoyin lafiya 34, yawancinsu da babban asibitin shiyya, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƙananan cibiyoyi na gundumomi masu ɓangare biyu, wurin duba marasa lafiya da ɗakin haihuwa. A irin waɗannan ƙananan wurare sau da yawa ba za ku tarar da likita ba, nas ne da ungozoma da mataimakansu. Abin da ya fi ƙarfinsu su tura gaba. A Jugu akwai asibitin ƙungiyar Ordre de Malte da ya daɗe yana karɓar irin waɗannan, a Paraku kuma akwai asibitin koyarwa na jihohin Bargu da Alibori, inda ɗaliban tsangayar likitanci ta Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, suke koyon aiki. Mara lafiya shi ke sayen yawancin abin da za a yi masa amfani da shi, tsarin da ya samo asali daga yarjejeniyar Bamako ta 1987, ko da yake tun watan Afrilun 2009 gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, allurar ƙarin ruwan da ka ɓata saboda ba ka iya samun jijiya ba, daga aljihun wani manomi ta fito, kuma shi zai koma ya sayo wata.

To, ga inda jarabawar take. Ka isa da farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya, ka fito daga babbar ƙasa, kana jin Turanci. Tun ranar farko za a fara ce maka dokta. Aiki ya yi wa ma'aikata yawa, damina ta cika benci da yara masu zazzaɓin cizon sauro, sai wata rana majo ya miƙo maka allura da zare ya ce ɗinke wannan, ko ungozoma ta fita ta bar ka da mace a kan gwiwa. Zuciyarka za ta ce maka ai dama ce, a gida sai ka kai aji na sama kafin a bar ka ka taɓa, nan kuwa ga shi an ba ka. Za ta ƙara da cewa ai gara kai da babu kowa.

Kada ka yarda da ita. Ma'auninka ɗaya ne, kuma mai sauƙi: abin da malamanka na gida ba za su bar ka ka yi kai kaɗai a kan ɗan unguwarku ba, kada ka yi shi kai kaɗai a kan ɗan Seru. Haye iyaka bai ƙara maka ilmi ba, bai kuma rage wa jikin mutanen can daraja ba. In aka miƙo maka abin da ba ka taɓa yi ba, buɗe baki ka ce ban taɓa yi ba, a nuna mini, a tsaya a kaina. Kunyar faɗin haka ta minti ɗaya ce. Ɗinkin da aka yi wa mai jego ba daidai ba kuwa, ita za ta zauna da shi shekaru, kuma ranar da ya fara ba ta wahala kana can gida kana ba abokai labarin yawan haihuwar da ka karɓa. Zancen gara kai da babu kowa ma, in ka duba, yawanci ba gaskiya ba ne: kafin ka zo ana aiki a wurin, bayan ka tafi za a ci gaba. Malaman fiƙihu tun tuni sun yanke cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, lamunin ɓarnar da ta biyo baya yana wuyansa. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wannan.

Mu Hausawa bai kamata a tsaya ana dogon bayani a kan wannan ba, domin an taɓa yi mana. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a Asibitin Zana da ke Kano suka gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, an ba wasu sabon maganin, wasu kuma wanda aka saba da shi, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Abin da ya fi shari'ar tsada shi ne amanar da ta karye. Da aka zo 2003 ana gardamar rigakafin shan inna, labarin Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, aka dakatar da rigakafin a Kano har cikin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ba ina kwatanta ɗalibi da kamfani ba ne. Ina nuna muku yadda abin yake daga ɓangaren mai kwance a gado: baƙo ya zo da farar riga, ya yi abin da ba a fahimta ba, ya tafi. A Seru, baƙon nan kai ne. Uwar da ta ji an koyi aiki a kan ɗanta ba a gaya mata ba, ba kai za ta ƙaurace wa ba, asibitin za ta ƙaurace wa, ita da kishiyarta da maƙwabtanta.

Neman izini kuwa sai da harshe, nan kuma akwai tarko na musamman ga Bahaushe. Saboda ka ji Hausa a tasha da kasuwa da masallacin Zongo, sai ka ɗauka ka iso gida. Amma harshen cikin garin Jugu Dandanci ne, ɗan'uwan Zabarmanci, a ƙauyuka kuma Yom da Lokpa da Fulatanci ake yi, a Paraku ga Barganci ga Yarbanci, takardun asibiti kuma duk da Faransanci. Matar da ta iya ciniki da Hausa ba lallai ta iya bayyana inda ciwo ya faro da inda ya nufa da Hausar ba, kuma saboda ladabi za ta yi ta ce maka to. Wannan to ɗin ba izini ba ne. Nemi mai fassara daga ma'aikatan wurin, ba ɗanta ƙarami ba, ba kuma surukarta ba in maganar ta ciki ce ko ta al'aura. Ka sa a gaya mata kai ɗalibi ne, a kuma gaya mata tana iya cewa a'a ba tare da an rage mata kulawa ba. Wasu za su ce a'a. Ka fita ba tare da ɓata rai ba. Gaisuwar safe da tambayar ina ke ciwo da sannu, waɗannan ka koye su da Dandanci da Yom a makon farko, daga bakin masu shara da masu gadi in ta kama, su ne suka fi kowa haƙurin maimaitawa.

Akwai kuma abubuwan da suke kashe mutum ba tare da mugun nufi ba, wato bambancin rubutu da ma'auni. Wanda ya yi karatu a Nijar ya san su, ɗan Nijeriya ne zai sha mamaki. Awon jinin da ka saba gani 120/80, a can za ka tarar an rubuta 12/8, don haka in ka ga 16/11 a katin mai ciki kada ka tsaya mamaki, 160/110 ke nan, tana bakin jijjiga, kira ungozoma yanzu. Sukarin jini da giram a lita suke auna shi: 1 g/l daidai yake da 100 mg/dl, ko kimanin 5.5 mmol/l. Inda kai kake sa ɗigo su waƙafi suke sawa, rabin mililita 0,5 ne. Lambar 1 da hannu suna ja mata dogon baki har ta yi kama da 7 ɗinmu, 7 ɗinsu kuma da sanda a tsakiya. Sunayen kasuwa na magunguna sun bambanta, ka riƙe sunan asali na sinadarin. Duk takardar da ba ka karanta ta sarai ba, tambaya ta fi ƙiyasi, ko da an gaji da tambayarka.

Kada duk wannan ya sa ku ɗauka cewa zaman kallo za ku je yi. Abin koyo ya fi ƙarfin wata biyu. Inda babu na'ura, ido da hannu da kunne su ke aiki, kuma a nan ne tsohuwar ungozomar ƙauye ta fi wani mai digiri. Za ka ga an buɗe tafin hannun yaro an ja fatar idonsa an gane jininsa ya yi ƙasa tun kafin a je ɗakin gwaji. Za ka koyi ƙirga numfashi na cikakken minti: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ka san haƙarƙarinsa ya kamu. Za ka koyi ɗaura tef a damtse, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. In lokacin noma ne za a kawo wanda kububuwa ta sara, ka ga an zuba jininsa a busasshiyar kwalbar gilashi an ajiye minti 20: in bai daskare ba dafin ya shiga jini, sai maganin dafi, kamar yadda ake yi a Kaltungo. Fiye da duka, za ka koyi lokacin da ake cewa wannan ya fi ƙarfinmu, a nemo mota. Gane wannan lokacin da wuri, kafin dare ya yi, kafin jini ya ƙare, shi ne rabin aikin ƙaramin asibiti, kuma babu littafin da zai koya maka shi yadda majo zai koya maka.

'Yan mata masu karatun ungozoma, ga taku. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Carolyn Sargent, ta yi shekaru tana nazarin haihuwa a tsakanin Bargawa, har da na cikin Paraku, ta kuma nuna yadda mace a can take ɗaukar nuna zafin naƙuda a matsayin abin kunya, har wasu su gwammace su haihu su kaɗai ba a ji ko tarinsu ba. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun san kunyar haihuwar fari, mun san ta Fulani. Darasin aiki a nan shi ne kada shirun mace ya ruɗe ki. Wadda ke kwance ba ta ce uffan ba tana iya kasancewa ta kusa, tana iya kasancewa jini na zuba. Ki duba bugun jini, ki duba zanen da ke ƙarƙashinta, ki cika takardar bin naƙuda a kan lokaci. Kuma in kin ga ana yi wa mai naƙuda tsawa, abin da ke faruwa a ɗakunan haihuwa na ƙasashe da yawa har da namu, kada ki ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na sana'a. Ba ki da hurumin gyara babba a gaban mara lafiya, amma kina da ikon riƙe hannun matar ki yi mata sannu.

Wayarku kuma ta zauna a aljihu. Hoton yaro mai tamowa a Facebook ko WhatsApp, da rubutun Allah sarki a ƙasa, cin amana ne ko da an yi shi da tausayi. Ka tambayi kanka ko za ka yarda baƙo ya ɗauki ƙanwarka a gadon asibiti ya watsa wa mutanen garinsu. Benin ma tana da dokar 2018 da ta kare bayanan mutane, bayanan lafiya na ciki. Haka nan kada ku cika jaka da magunguna daga kasuwa da sunan taimako. Tun 2017, lokacin da hukuma ta fasa rumfunan magani a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ƙasar ba ta wasa da maganin da bai bi ta hannun hukuma ba. In kuna son kai wani abu, ku tambayi majo abin da yake buƙata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma amsarsa tana iya zama safar hannu da batirin tocila.

Batun takardu gajere ne amma kada a tsallake shi. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza, amma ba ta ba shi izinin taɓa mara lafiya ba. Wannan sai da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin makarantarku da hukumar lafiyar shiyyar, mai ɗauke da sunan wanda zai kula da kai da abin da aka yarda ka yi. Ku guji dillalin da zai ce a biya shi ya samo takardar shaida. Kun dai ga abin da ya faru a ƙarshen 2023, da ɗan jarida Umar Audu ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo gaba ɗaya a farkon 2024, masu gaskiya suka sha wahala tare da masu ƙarya. 'Yan Nijar kuma su bincika halin da gadar Gaya da Malanville take ciki kafin su ɗaura kaya, domin tun juyin mulkin Yulin 2023 hanyar ba ta koma yadda take ba. Can arewa kusa da gandun dajin W da na Pendjari akwai matsalar tsaro, ba wurin yawon ƙarshen mako ba ne.

Saura jikinka, wanda matashi ya fi mantawa da shi. Katin rigakafin shawara dole ne a iyaka. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, don haka wanda ya tuna da ita ana gobe tafiya ya makara. Allurar da ta soki mai wannan cuta ta dawo ta soke ka tana iya sa maka ita har kusan kashi 30 cikin 100, ta mai ƙanjamau kuwa kimanin 3 cikin 1,000. In tsautsayi ya faru, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka faɗa nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana kuma shan sa kwana 28. Tun ranar da ka sauka ka tambayi inda ake samunsa. Kada ka mayar wa allura murfinta da hannu biyu. Ka kwana a gidan sauro, kasancewarka ɗan ƙasar sauro bai ba ka tabbacin komai ba.

Sai zazzaɓin Lassa, wanda ba ya barin ma'aikatan asibiti. A 2014 ya ɓulla a asibitin Saint Jean de Dieu na Tangiyeta, arewa da Jugu, ya kashe har da ma'aikatan wurin. A 2016 ya dawo ta yankin Cawuru, kudu da Paraku. A gida ma, a Janairun 2020, ya ɗauke likitoci biyu a Asibitin Malam Aminu Kano bayan tiyatar wata mai ciki, ɗaya daga cikinsu ba ta daɗe da fara aiki ba. Farkonsa ba shi da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, shi ya sa ake sakaci. Zazzaɓin da aka ba shi magani kwana biyu ko uku bai sauka ba, musamman da rani, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, ka sa safar hannu da takunkumi, ka ja baya, ka kira babba. Kuma cutar tana iya ɓoyewa a jiki daga kwana 6 zuwa 21. Saboda haka in kun dawo Kano ko Maraɗi, jikinku ya yi zafi cikin makonni ukun farko, kada ku tsaya a kemis ɗin unguwa. Ku je asibiti, tun kafin a taɓa ku ku gaya wa likita ƙasar da kuka fito, da ɗakin da kuka yi aiki, da ranar da kuka baro shi.